Kalandar da ke Tsakar Gida

Tun kafin a san da wata hukuma mai auna ruwa da iska, balle a ji hasashen damina a rediyo, tsofaffinmu suna da hanyar sanin inda shekara ta kwana. Suna duban sama, suna kuma duban bishiyar tsakar gida, da bangon da ƙadangare ke shan hantsi, da abin da ke fitowa daga ƙarƙashin randa. Duk gidan da ke da bishiya ko da ɗaya ce, da ɗan filin ƙasa wanda ba a dafe da siminti ba, a Kano yake ko Katsina ko Maraɗi, yana da abin kallo daga farkon shekara har ƙarshenta. Sai dai alamomin nan ba darajarsu ɗaya ba. Wata takan riga ruwa zuwa, wata sai ruwan ya sauka take bayyana, wata kuwa ba ruwanta da ruwa sam, zafi ko tsawon yini take bi. Gwanin kallo shi ne wanda ya san abin da ke tayar da kowace alama, domin shi ne ba zai kwashi irinsa ya zuba a ƙasa don ya ga tsuntsu ɗaya a kan kuka ba.

A fara da bazara, tunda ita ce ke sa kowa ɗaga kai. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, dare kuma ya ƙi sanyi. Abin da ke faruwa a sama kokawa ce tsakanin iska biyu. Akwai busasshiyar iskar da ke busowa daga Sahara ta arewa maso gabas, akwai kuma mai ɗauke da laima da ke tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Iyakar da suke haɗuwa tana matsowa arewa sannu a hankali, ta taso daga bakin teku, ta ratsa Lakwaja da Kaduna, ta iso Kano, ta zarce Damagaram. Ranar da ka ji gumi ya daina bushewa a jikinka, gishirin ɗakin girki ya fara danƙarewa, to iskar kudu ta iso, ko da ba a ga girgije ba. Laimar daga kudu take zuwa, amma hadarin daga gabas yake tasowa ya yi yamma. Shi ya sa bangon gabas na gidan ƙasa ya fi saurin zaizayewa, shi ya sa kuma magina suka fi ba shi kulawa wajen yaɓe.

Bishiyoyi sukan riga kowa motsi. Da sanyi ya fara janyewa darbejiya takan fitar da ƙananan fararen furanni, ƙamshinsu ya cika unguwa da magariba. Yawancin mutane sun ɗauka 'yar gida ce, alhali baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Kuka, wadda ta yi watanni tsirara, sai ka ga ta fara tofo ƙasa na bushe ƙamas, da ruwan da ta adana a cikin kututturenta. Daga baya ta sako manyan fararen furanni masu reto, waɗanda ke buɗewa da dare, jemagu su zo shan zaƙinsu su kwashi garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Ba don jemagen da muke jifa ba, da 'ya'yan kuka sun yi ƙaranci. Tofon kuka da na tsamiya suna nuna lokaci ya yi. Ba su ce ruwa zai zo a kan kari ba, domin a shekarun fari ma, irin 1973 da 1984, itatuwa ba su fasa tofo ba.

Shamuwa ta fi su kusanci da gaskiya. Wannan tsuntsuwa mai baƙin baya da farin ciki ba 'yar ci-rani ba ce irin tamu, ita damina take bi duk inda ta je. Lokacin da muke fama da hunturu tana can kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabuwe, inda daminarsu ke tsakiya. Da ruwan can ya ɗauke sai ta juyo, ta tsallako ikwaita, ta iso mana wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari. Yanzu har a kan dogayen ƙarafunan sadarwa ana ganin sheƙarta. Abincinta fara ne da tsutsa da sauran ƙwarin da ɗanyar ciyawa ke kawowa, saboda haka take tafiya a gaban ruwa kaɗan, ta yadda ƙyanƙyasarta za ta dace da lokacin yalwa. Mutanen karkara ba sa taɓa ta, yaron da ya ɗauko danƙo kuwa zai sha faɗa. Hana yaran nan ya yi daidai, ko da tsoratarwa aka yi shi, domin manomi ba shi da ɗan ƙodagon da ya kai ta tsince fara. Amma ita ma abin da take faɗa shi ne damina na tafe. Ba ta yanke rana.

Sai daren ruwan farko. Iska ta taso da ƙura da ledoji, kwanon rufi ya ɗauki ƙara, sannan ƙamshin nan ya tashi, wanda wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a cikin ƙasa ke samarwa, ɗigon ruwa ya watso shi sama. Idan ruwan ya jiƙa ƙasa sosai, a daren ko washegari shinge zai fito. Gara ce mai fiffike, matasan maza da mata da suri ya rena ya tsare har sai ƙasa ta yi laushin da za a iya haƙa. Sukan fito dubbai a lokaci ɗaya su yi wa fitila rubdugu. Duba ƙasa a gindin fitilar: za ka ga sun karkaɗe fikafikansu, sun kama tafiya biyu-biyu, ɗaya na biye da ɗaya kamar an ɗaure su. Mace ce a gaba, namiji a baya, suna neman inda za su nutse su kafa sabon gida. Kaɗan ne ke kai labari. Kwaɗo na jiransu, jemage na jiransu, da safe kaji da ƙadangaru su share ragowar, ga yara da kwanon ruwa a ƙarƙashin fitila suna tarawa a soya. Maigida kuma yana da abin lura a nan. Shingen da ya shigo daga waje baƙo ne. Wanda ka ga yana ɓulɓulowa daga gindin bangon ɗaki ko daga jikin azara, wannan shaida ce gara ta riga ta zauna a gidan, sai a nemi inda take tun rufi bai fara lotsawa ba.

A wannan dare kwaɗi ke buɗe baki. Yara kan ce daga sama suka faɗo tare da ruwan. Suna nan tun bara, binne a ƙasa, ko a bayan randa, ko cikin magudanar ruwa, sun rage numfashi suna jiran danshi. Mazan ne ke kukan, mata suke kira. Kwana kaɗan za ka ga ƙwai a kududdufi, jere cikin zare mai yauƙi. Kwaɗon tsakar gida ba ya cin hatsi, ba ya cizo, aikinsa dare farai shi ne lashe ƙwari, amma shi aka fi sharewa da tsintsiya a jefa bayan katanga.

Ga inda mutane ke faɗawa. Ruwan farko ya sauka, shinge ya tashi, kwaɗi sun yi kuka, sai a ce damina ta zauna. Shinge da kwaɗo ruwan jiya suke ba da labari, ba su san na gobe ba. Sau da yawa akan yi ruwa ɗaya mai ƙarfi a watan Mayu, sannan sama ta yi shiru mako biyu ko uku, shukar da ta tsiro ta ƙone. Tsohon manomi yakan tona ƙasa da hannu ya ga iya inda laima ta kai kafin ya taɓa iri. Masu binciken noma a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun sa wa abin lissafi tun a shekarun 1980: ana ɗaukar damina ta kama idan an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba a cikin kwana talatin da suka biyo baya. Rabin sharaɗin nan sai daga baya ake saninsa, shi ya sa shukar fari take zama caca ko ga mai ilimi. Amma rabin farko kowa na iya aunawa a gidansa. Nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ka ajiye shi a fili nesa da bishiya da indararo. Bayan ruwa ka tsoma rula. Zurfin da ka gani shi ne yawan ruwan da aka yi. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan kowane murabba'in mita, wato rufin gida mai murabba'in mita 100 yana zubar da lita 2,000 a ruwan milimita 20, cikin duro goma ke nan, kuma yawancinsa kwata yake bi.

Malaman zaure suna da nasu lissafin, na taurari 28 da ke zagaye shekara, kowane da kwana 13, Jabaha kaɗai ke da 14. Za ka ji dattijo na cewa an shiga Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, yana faɗin irin ruwan da aka san kowane da shi. Amfanin wannan lissafi shi ne da rana yake tafiya, ba ya zamewa kamar watannin Hijira da ke ja baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara. Yana gaya maka inda ya kamata a ce damina ta kai, gwangwaninka kuma ya gaya maka inda ta kai a zahiri.

Da ƙasa ta jiƙu, zanzaro ya sami kayan gini. Ya cancanci a ja kujera a zauna masa. Za ka gan shi a bakin taɓon gindin randa, da siririn ƙugunsa, yana dunƙula laka da baki har ta kai girman ƙwayar barkono, ya tashi da ita zuwa kusurwar ɗaki ko bayan ƙofa. Can zai shafa ta yana wata 'yar ƙara, ya koma ya ɗebo wata, har ɗan ɗaki ya tashi. Sai ya tafi farauta. Wani zanzaron gizo-gizo yake kamowa, wani kuma tsutsar ganye. Ba ya kashe abin da ya kama. Harbinsa yake ya shanye masa jiki, ya cusa shi cikin ɗakin da ransa, ya ƙaro wasu, ya saka ƙwai ɗaya, ya liƙe ƙofa. Hikimar ita ce mushe zai ruɓe cikin kwana biyu a wannan zafi, amma mai rai da ba ya motsi zai jira har ƙwan ya fashe, ɗan ya tarar da ɗanyen nama. Yaron da ya fasa gidan ya ga korayen tsutsotsi sai ya ce 'ya'yan zanzaro ne, alhali guzurinsu ne. Tsutsar nan kuwa daga jikin kuɓewarka ko zogalenka aka ɗauko ta. Mace ce ke wannan aiki duka, ita kaɗai, kuma ba ta cika harbin mutum ba sai an damƙe ta. Rina ce mai faɗa, wadda ke rataya gida mai ramuka kamar saƙar zuma a ƙarƙashin rufi, ita kam a yi hattara da ita inda yara ke wasa.

Mako biyu bayan ruwa ya zauna, filin da kake rantsuwa babu komai a cikinsa ya zama kore. Irin yana nan cikin ƙasa tun shekarun baya. Kafin a sa fartanya, ya kamata a san wa ake sara. Tafasa ce ke fara cika bayan gida, ganyenta na naɗewa da yamma ya buɗe da safe, kuma da ita ake kwaɗo tun hatsi bai nuna ba. Ga lalo, ga gasaya, ga alayyafon da ya fito da kansa a bakin bola, ga garafuni na hawa danga, ga ɗoɗɗoya mai ƙamshi. A lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tsakanin Yuli da Agusta, waɗannan ganyaye ne suka riƙa riƙe gidaje da yawa, kuma mata ne suka san su ɗaya bayan ɗaya. Sunayen tsirran da J. M. Dalziel ya tattara a littafinsa na 1916, da na tsuntsaye da ƙwarin da suka cika ƙamus ɗin Bargery na 1934, daga bakin manoma da maharba da masu magani aka ji su. Yau ɗalibin jami'a a birni zai iya kallon tafasa da rai-ɗore ya kasa rabewa, duk biyun ciyawa ce a wurinsa. Abokan gaba su ma suna nan: tsidau mai huda ƙafa, ƙarangiya mai kama zane, da aya-aya wadda in ka tuge ta ka bar ƙwayar a ƙasa, aikin banza ka yi. Dabarar duka ɗaya ce, a cire su kafin su zuba iri.

Tsuntsaye kuma sai su sake tufafi. Mulufi da ka gani ja wur a kan karan gero, shi ne ɗan tsuntsun nan mai ruwan ƙasa da ya wuni cikin garke da rani ba ka kula shi ba. Zalaidu ya fito da doguwar jelar da ta ninka jikinsa, in damina ta wuce ya zubar. Kabare, mai rawayan jiki da baƙin kai, ya tara 'yan'uwansa a bishiya ɗaya da hayaniya, namiji na tsage ganye yana saƙa sheƙa mai ƙofa a ƙasa, ya rataya a jikinta yana kaɗa fikafikai don mace ta zo dubawa. In ba ta karɓa ba, sheƙar ta bushe, sai ya warware ya sake sabuwa.

Amma labarin da ya fi ban mamaki yana cikin zaure, wurin baiwar Allah. Kowa ya san ta, 'yar mitsitsiya, namijin ja, macen ruwan ƙasa, tana tsallen tsintar tsaki a gindin turmi, tana shiga har ɗaki ta yi sheƙa a jinka ko a ramin bango. Akwai wani ɗan tsuntsu mai kusan girmanta, namijinsa baƙi ƙirin mai sheƙi da farin baki, wanda ake gani a kan waya wajen ƙarshen damina yana ta rera kuka. Wannan bai taɓa yin sheƙa ba. Macensa takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah. Idan aka ƙyanƙyashe, ɗan baƙon yana da irin zanen da ke cikin bakin 'ya'yan gida, tabo da launi duka, saboda haka uwa ba ta rabewa in sun wangame baki, sai ta ciyar da su tare. Ba ya ture 'yan gida ƙasa, tare suke tashi. In namiji ne yakan koyi kukan uban riƙonsa ya haɗa da nasa, macen kuma mai irin wannan kuka take zaɓa, don shi ta taso tana ji. Da haka zuriyarsu ta manne wa baiwar Allah har abada. Duk wannan a saman katangar gidanka yake faruwa.

Agusta watan marka ne, kuma shi ne watan da ya fi kowane ruwa a ƙasar Hausa. Bango ya yi gansakuka, ƙadandoniya ta fito, tana ta cika ƙasa da kashinta mai amfani, macen ƙadangare ta haƙa ɗan rami a ƙasa mai laima ta binne ƙwai. A nan kallon tsakar gida ya zama maganar lafiya. Leƙa tsohuwar taya, da fasasshen tulu, da kaskon ruwan kaji, da gwangwanin awon ruwan nan naka. Abubuwan da ke wutsil-wutsil a ciki 'ya'yan sauro ne, kuma daga ƙwai zuwa mai fiffike mako ɗaya ne zuwa kwana goma. Sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan kwantaccen ruwa mai haske da rana ke duka, irin na sawun taya da na kofato, da dare kuma yake cizo. Mai zanen fari da baƙi, wanda ke cizo da rana yana yaɗa shawara, shi ne ɗan cikin tayoyi da gwangwanaye. Wanda ya zagaya gidansa sau ɗaya a mako ya kifar da duk abin da ya tara ruwa, ya cike kwari da ƙasa, ya katse musu zuriya kafin su tashi. Wannan ba ya maye gurbin gidan sauro, ko maganin rigakafin da ake raba wa ƙananan yara wata-wata da damina, amma ba a biyan ko sisi.

Kaka ba ta da wuyar ganewa. Raɓa ta yi yawa da asuba, ciyawa ta yi kai ta fara ja, fara ta cika gari, kabewa da duma su kwanta a kan rufi, zoɓo ya yi jajir. Shamuwa ta tattara 'ya'yanta ta yi kudu.

Daga Nuwamba iskar arewa ta ƙwace filin. Hazon da ke rufe rana yana sa jirage fasa sauka, mafi yawansa daga wuri ɗaya yake tasowa, kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda a zamanin da can gindin wani makeken tafki ne. Ƙurar da kake sharewa a kan tabarma busasshen taɓon wannan tafki ce, kuma wata takan tsallake Atlantika har dajin Amazon. Ƙadangare ne ma'aunin sanyinka. Ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, don haka da safiyar hunturu za ka gan shi manne a bangon da hantsi ke fara duka, launinsa ya dushe, ko jan gwada ma kansa ya yi fatau, sai ya sha rana sannan jan ya dawo ya fara gyaɗa kai yana korar kishiyoyi. A wannan sanyi mangwaro ke fure, yana shirya 'ya'yan da za a sha da bazara. A busasshen rairayin gindin bango kuma za ka ga 'yan ramuka masu siffar mazurari. Kurkuɗu ne a ƙasan kowane, ya binne jikinsa yana jiran kiyashi ya zamo, in ya nemi hawa ya watsa masa yashi.

Gawo shi ne mai saɓa wa jama'a. Lokacin da kowace bishiya ke zubar da ganye, shi yake yin kore shar, ya yi fure, ya zubo wa awaki 'ya'ya a tsakiyar rani. Da damina ta zo sai ya kaɗe. Saiwarsa na nitsawa har inda ruwan ƙasa yake, ganyensa na zuba daidai lokacin shuka ya zama taki, ba ya kuma tare wa gero rana. Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram da suka koma barin gawo da sauran itatuwa su tofo a gonakinsu tun daga shekarun 1980 sun mayar da miliyoyin kadada kore ba tare da dashe ba. Ga mai babban fili a bayan gida, na fi ba shi shawarar gawo ko kurna ko zogale a kan baƙin itatuwan ado da ba sa ciyar da kowa.

Da rani muna da baƙi ma daga nesa. Ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke kaɗa jela sama da ƙasa yana bin ƙafar shanu da lambunan fadama, a Turai ya ƙyanƙyashe. Nauyinsa bai kai giram 20 ba, amma ya ƙetare Bahar Rum da Sahara. Dausayin Haɗeja da Nguru kan cika da irin waɗannan baƙi, wasu ƙanana kuma sukan raɓe a bishiyoyin gari. Hanya mafi sauƙi ta ganinsu, su da na gida, ita ce kasko marar zurfi da ruwa a inuwa, inda kyanwa ba ta da maɓoya. A watan Maris, lokacin da kowane kududdufi ya ƙafe, kurciya da asisi da shaya da ƙudan zuma duk za su yi layi. A riƙa sauya ruwan kowane kwana biyu saboda sauro.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke rufe wannan kalanda ta tsakar gida da hannunmu. Sabon gini a biranenmu yanzu, daga ƙofa har bayan gida intalok ne ko siminti, ba a bar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Ruwan sama ba shi da wurin nitsewa sai ya fita titi ya haɗu da na maƙwabta, gidan kuma ya riƙe zafin rana har tsakar dare. Sai fiya-fiya da ake fesawa ba awo, wadda ba ta san sauro da ƙudan zuma ba, balle lafiyar yaran da ke kwana a ɗakin. Sai kashe duk abin da ba a gane ba. Jaɓa, saboda wari da dogon baki, ana haɗa ta da ɓera, alhali kyankyaso da ƙwari take ci, ba ta taɓa hatsi. Kulɓa ba ta da dafi. Bushiya ƙwari take kiwo da dare. Mujiyar da ake wa kallon mugun abu, ɓeraye take kwasa ta kai wa 'ya'yanta. Ban ce a zauna da kunama ko maciji a ɗaki ba, mai yara dole ya kawar da tarin itace da duwatsu daga inda ake wasa. Amma a san mai laifi kafin a yanke hukunci.

Wanda ya haura shekara arba'in ya tuna ungulu a kan rumfunan mahauta da katangun kasuwa, har ana korarta da sanda. Yau yara da yawa a Kano da Zariya sai dai su ji ta a karin magana. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Guba, da farautarta don sayar da sassan jikinta ga masu tsubbu, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa, su suka haɗu suka cinye ta.

Saboda haka a sami ɗan littafi, mai araha ma ya isa, a rataye shi kusa da ƙofa. A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, ranar ruwan farko da abin da gwangwani ya nuna, daren da shinge ya fito, ranar ruwan ƙarshe, safiyar da hazo ya fara sauka, makon da mangwaro ya yi fure. A ba yara aikin, sun fi manya ido, a kuma sa su tambayi kakarsu sunan duk abin da suka gani. Shekara ɗaya ba ta nuna komai, amma bayan biyar ko goma, gidan zai iya faɗin ko damina na jinkiri da gaske a unguwarsu ko kuwa zance ne. Hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara na yanki ne baki ɗaya, kuma kowa ya san ko a cikin Kano ana iya yin ruwa a Fagge a bar Kurna a bushe. Mai sha'awar tsuntsaye yana iya wuce nan. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos tana jagorantar wani shiri na zana taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma 'yan sa-kai ne ke aika abin da suka gani ta wayar hannu. Har hankaka da kurciya ana so a rubuta, domin da an riƙa ƙirga ungulu lokacin da take cika mahauta, da yau an san shekarar da ta fara raguwa a kowane gari.